Firijin Dada a Kan Layin Kowa

Har yau in aka kawo wuta ba na iya ci gaba da zama. Ko a tsakiyar cin abinci nake, da na ji fanka ta motsa sai in ga na miƙe tsaye, hannuna da miya, ina waige-waige kamar wanda aka kira daga waje. Matata ta gaji da yi mini dariya. Ba ta zauna a gidanmu na unguwar Lamorde ba a shekarar da wannan ɗabi'a ta kama ni, shi ya sa take ɗaukar abin wasa.

Gidan mahaifinmu ne. Shi ya gina shi ɗaki bayan ɗaki, yadda hali ya yi, kuma shi ya sa aka ja masa waya a zamanin da duk abin da ake nema a wurin lantarki bai wuce ƙwan fitila huɗu da rediyo ba. Mita ɗaya, layi ɗaya, fiyus ɗaya a jikin bangon zaure. Da ya rasu 'yan'uwana suka watse, wasu aure ya ɗauke su, wasu aiki. Aka bar mahaifiyarmu, wadda duk unguwa ke kira Dada, sai ni a ɗakin da ke manne da nata. Sauran ɗakunan aka sa 'yan haya. Haya dai a baki, don a wurin Dada duk wanda ya kwana uku a gidan ya zama ɗa.

Akwai Maman 'yan biyu, mutuniyar duwatsun Michika, wadda mijinta ke aiki a wani gari. Tana da 'yar firiza a barandarta, da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma da ita take riƙe da yaranta. Akwai tela a shagon ƙofar gida, wanda bai daɗe da ajiye dutsen guga na gawayi ya sayo na lantarki ba. Sai wani dattijo ɗan Muchalla, tsohon malamin gona, wanda ko rana ta raba tsaka ba ya shan ruwan sanyi, sai shayi. Shi kuma hita gare shi, irin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsomawa a ruwa ya tafasa. Kowane ɗaki da fankarsa. Dukkanmu a kan wayar da aka ja don ƙwan fitila huɗu.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Na shekara da shekaru ina zana wa yara yadda lantarki ke tafiya a kan allo, amma in gaskiya ake so, filaya ban taɓa riƙe ta da niyyar aiki ba. Kuma ni mutum ne mai gajen haƙuri, wannan ba sai an gaya mini ba. Dada kan ce tun ina ciki ban bar ta ta yi barci ba. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana. Tun da na fara koyarwa ta samu mafita, ta koma ce mini Malam, da wata 'yar murya da ba ka iya gane girmamawa ce ko tsokana.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, amma a shekarar nan ne likita ya mayar da ita kan allura. Ya nuna mini 'yan kwalaben maganin, ya ce abu ɗaya suke so, sanyi. In zafi ya dafa su, ruwan yana nan a ido amma ƙarfinsa ya tafi, sai mutum ya yi ta tsira wa kansa allurar banza. Ban kwana biyu ba na sayo ƙaramin firiji, tsawonsa bai wuce gwiwata ba, na ajiye shi a kusurwar ɗakinta kusa da randa. Na cika gorunan roba uku da ruwa na jera a saman cikinsa. Dabarar ita ce, 'yan awoyin da ake kawo wuta su daskare, in an ɗauke su ci gaba da riƙe sanyin har a sake kawowa. Na yi wa Dada bayani dalla-dalla, har da zane a bayan ambulan. Ta saurara, ta ce, "To Malam, Allah ya yi albarka. Akwati ya yi kyau."

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi bazarar Mubi ba ba zai gane ba. Duwatsun da ke kewaye da gari su sha rana su dawo maka da ita, ka taɓa bango ka ji kamar an sauke tukunya daga kansa. Wuta kuma ba ta da lokaci, ranar da ta ga dama ta zo da hantsi, ranar da ta ga dama sai bayan azahar, ta yi awa uku ko huɗu ta koma. Da an ji wani daga maƙwabta ya ce "an kawo", sai gidanmu ya hargitse. Maman 'yan biyu ta jefar da wanki ta nufi firizarta. Tela ya jona dutsen guga kafin ma ya ɗauko rigar da zai goge. Dattijo ya tsoma hitarsa. Fankoki su tashi gaba ɗaya. Ba a yin minti goma sai ka ji ƙas daga zaure, komai ya yi tsit. Gidan maƙwabta rediyo na kuka, mu muna zaune cikin gumi.

Tela ne mai ɗaura fiyus. Yana da wani ɗan guntun waya a aljihun gaba, ya zare siririn gashi ɗaya daga ciki, ya ɗaura, ya mayar. A sake tashi, a sake yankewa. Wata rana sau biyar na ƙirga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zai buɗe baki ya ce wa wani ya kashe nasa. Kara ta hana. Tela ya ce laifin 'yan wuta ne, suna turo ta da ƙarfi. Dattijo ya ce wayoyin yanzu ne ba su da albarka. Maman 'yan biyu kuwa sai ta ɗauki tsumma ta yi ta goge murfin firizar da ba ta aiki. Kowa ya san ruwa ba ya tsami banza, amma kowa ya gwammace ya sha da tsaminsa da ya ɓata wa maƙwabci.

Ni na kasa. Na yago takarda daga littafin shirya darasi, na ja layuka da rula, na raba lokaci: rabin awar farko na masu sanyi, sannan guga, sannan shayi. Na manna a zaure da salatif. Kowa ya zo ya karanta, ya yaba rubutuna. Washegari da aka kawo wuta, dattijo ya aika wa tela cewa ya bar masa lokacinsa, tunda yana da ɗinkin biki. Tela ya leƙa ya ce wa Maman 'yan biyu ta ci gaba da nata har cikin lokacinsa, kada kununta ya yi tsami. Ita kuma ta ce wa dattijo ai babba ba ya jira, ya dafa shayinsa tun yanzu. Kowannensu ya koma ɗaki yana ganin an yi masa kyauta, suka kunna gaba ɗaya. Ƙas. Na je na yage takardar da hannuna.

A cikin wannan hali ne na fara lura da gorunan. Kullum in na dawo daga makaranta nakan wuce ɗakin Dada kafin in cire takalmi, in buɗe firiji in matsa su. Da farko nakan ji su kamar dutse. Sannan suka koma rabi ƙanƙara rabi ruwa. Sannan ruwa zalla, mai ɗumi-ɗumi. Na ce yawan yankewar fiyus ne. Sai wata rana na leƙa bayan firijin na tarar da fuloginsa a ƙasa.

"Dada, wa ya cire wannan?"

Tana kan sallaya tana jan carbi. Ba ta ɗago ba. "Ƙila tsintsiya ne ya taɓa."

Na mayar. Bayan kwana biyu na sake tarar da shi a ƙasa. Na ce lallai tsintsiyar gidan nan ta yi karatu, tunda ta san ta jira sai an kawo wuta.

Daga ranar barcin rana ya ƙaurace mini, karatu ma haka. In ina aji, rabin hankalina yana Lamorde. In ina gida, kunnena yana ƙofar Dada. Na fara sa ido a kan masu shiga da fita, kuma ban sha wahala ba na samu wadda zan zarga. Maman 'yan biyu ce kaɗai ke shiga ɗakin kullum, kuma kullum da wani abu a naɗe cikin tsumma. Lissafin ya fito mini sarai: tana cire na tsohuwa don nata ya samu wuta. Ban tsaya na sake dubawa ba, irin abin da nake hana yara a jarrabawa.

Na same ta tana wanke gorunan zoɓo a bakin rijiya.

"Maman 'yan biyu, ina da magana."

"To Malam, ina ji."

"Ke kaɗai kike shiga ɗakin Dada in an kawo wuta. Kullum kuma ina tarar da fulogin firijinta a ƙasa. Abin da ke ciki ba zoɓo ba ne, ran mutum ne. Ina so a daina."

Hannuwanta suka tsaya a cikin ruwan. Ta ce, "Malam, ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba."

"To. Ni ba zan ce komai ba. Dada uwana ne kamar yadda yake uwanka."

Ta ci gaba da wankinta. Na tafi ina jin na yi abin da ya kamata. Da yamma ta aiko wa Dada kunun aya marar suga kamar kullum. Ni kuwa ta daina haɗa ido da ni.

Sai na ce bari in kashe maganar daga tushe. In fiyus ya daina yankewa, ba mai dalilin cire na wani. Ranar Lahadi da safe, gidan ba kowa sai ni da Dada, na samo guntun waya mai kauri, na fere robar da wuƙar kicin, na murɗe jan ƙarfen ya yi kamar igiya, na cusa shi a gurbin siririn gashin da tela ke ɗaurawa. Ni da bakina nake gaya wa yara cewa an yi fiyus siriri ne da gangan, don ya ƙone kafin gida ya ƙone. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma na ce na ɗan lokaci ne, kafin in samu mai gyara.

Aka kawo wuta, kowa ya ruga, aka kunna komai. Minti goma, shiru. Awa guda, shiru. Tela ya fito ya tsaya a zaure yana kallon fiyus ɗin, ya ce, "Kai Malam, ashe boko yana da rana." Dattijo ya aiko mini da shayi. Kwana uku ina tafiya a gidan kamar wanda ya ci zaɓe.

Gorunan Dada kuwa ba su daskare ba.

Ita kanta ta fara sauyawa a gabana. Kofin ruwa ba ya barin hannunta, buta ba ta hutawa. Sallar da take yi a tsaye ta koma yi a zaune. Ɗan abin gwajin da nake tsira mata a yatsa kullum lambarsa hawa take yi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na hau ta da faɗa: ko ta ci dabino, ko an sa mata suga a kunu a ɓoye, ko ta tsallake allura. Ta ce ba ta yi ko ɗaya ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai, amma a bakina faɗa yake fitowa.

Rana ta huɗu ina cikin aji wajen ƙarfe sha ɗaya, sai na hango ta taga ƙwan fitilar wani shago a tsallaken titi ya kama. Na tsaya da alli a hannu. Na rubuta wa yara tambayoyi biyar a allo, na ce in na dawo zan karɓa, na fita na tare ɗan acaɓa. Duk hanya ina ce masa ya ƙara wuta, yana ce mini, "Oga, hanya ne ba kyau." So nake in kama Maman 'yan biyu da fulogi a hannu.

Na shiga gidan ba sallama. Firiza na gurnani a baranda, Maman 'yan biyu na tsugune a gabanta tana jera ƙullin zoɓo. Na wuce ta, na ɗaga labulen Dada.

Tana durƙushe a bayan firijin, hannu ɗaya dafe da bango don kada ta faɗi, ɗayan yana jan fulogi. Sai da ta ja sau uku kafin ya fita. Ta huta. Sannan ta buɗe firijin, ta kwaso kwalaben maganin, ta naɗe su a ƙyalle, ta ja gwiwa zuwa gindin randa ta tura su cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashi. A gefen wurin ga wani dunƙulen ƙanƙara a cikin tsumman da na sani, ya narke saura kaɗan.

"Dada."

Ta juyo a hankali. Ba ta firgita ba, sai dai ta ji kunya, irin ta yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Malam, ba ka makaranta?"

"Ashe ke ce."

Ta zauna sosai, ta jingina da gado. "Kafin ka kawo akwatin nan wuta ba ya yankewa a gidan nan. Mu muka ƙara kaya. Su abinci suke nema da nasu. Yarinyan nan in kununsa ya lalace, me yara za su ci? Mai gida ba ya cin tuwo baƙo yana kallo."

"Amma ai ya daina yankewa. Kwana huɗu ke nan."

"To ba don ina cirewa da wuri ba? Da nakan makara."

"Dada, ranki ne fa a cikin kwalaben nan."

"Raina yana hannun Allah," ta ce. "Kunun yarinyan nan ne yake hannuna."

Na ci gaba da tambayarta har sauran maganar ta fito. Da yamma kafin in dawo takan mayar da kwalaben cikin firiji, ranar da ta tuna ta mayar da fulogin ma. Maman 'yan biyu ta kama ta tun makon farko, Dada ta haɗa ta da Allah kada ta gaya mini. Abin da ta iya yi shi ne ta riƙa kawo ƙanƙara ɗaya daga cikin na sayarwarta tana sawa a gindin randa. Wannan ce matar da na tsaya a kanta a bakin rijiya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ina tsaye a haka wani wari ya shigo ɗakin, warin roba mai ƙuna. Tela ya leƙo tsakar gida ya ce, "Malam, zo ka duba silin ɗin zaure." Hayaƙi ne siriri yake fitowa ta inda wayar ta shige sama, robarta tana ɗiga a bango baƙi ƙirin. Na kai hannu na fizge fiyus ɗin gaba ɗaya. Yatsuna biyu suka ƙone suka tashi nan take, har yau da tabon. Gidan ya yi tsit, kowa ya fito ya tsaya yana kallon igiyar jan ƙarfen da ke hannuna. Ba wanda ya ɗora mini laifi. Ni ma dai an yi mini karar.

A yammacin nan na kai Dada asibiti, suka riƙe ta. Likita ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba, ya tambayi inda ake ajiyewa, na faɗa masa. Ya ce gindin randa dabara ce mai kyau in ba yadda za a yi, amma ba a irin wannan zafin ba, kuma ba tare da ana fitarwa ana mayarwa kullum ba. Ya ce a zubar da su duka.

Washegari dattijo ya kira wani mai gyaran wuta da ya sani, mutumin Vimtim, tsoho mai furfura a gira, wanda ya zo a kan babur da tsani a ɗaure a baya. Bai yi gaggawar komai ba. Ya bi wayar tun daga mita yana taɓa ta da bayan hannu, yana shiga ɗaki yana fita, yana juya kowane abu ya karanta ɗan rubutun da ke gindinsa. Ni ina binsa a baya ina yi masa bayanin da bai tambaya ba. Da ya zo kan fiyus ɗin, ya ɗaga igiyar tawa ya juya ta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kai ticha ne."

"E."

"Na wane abu?"

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya sa igiyar a aljihunsa, ya ce zai riƙa nuna wa mutane.

Sannan ya zauna a dakalin zaure, ya zaro ƙullin gyaɗa daga jakarsa, gyaɗar gonarsa, ya ce in zauna. Wannan ce hanyar da yake yi wa masu gida lissafi, wai takarda tana sa mutane gardama. Ya ɗebi cikin hannu ya zuba a gefe. "Wannan dutsen guga." Ya sake ɗebo cikin hannu, har ya fi na farko. "Wannan hita na Baba." Ya ware uku, ya ce firiza. Ya jera ɗai-ɗai, ya ce fankoki. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak, ya ajiye ta can gefe ita kaɗai.

"Wannan firiji na mamanka."

Na yi ta kallon ƙwayar.

"Ba ya cin komai," ya ce. "Ko ya cire, ko bai cire ba, fiyus zai yanke. Waya tsoho ne, kuma siriri. Ranar da tela ya bar gawayi, ranar wahala ya fara. Guga da hita in sun haɗu, shi ke nan."

Makonni tana durƙusawa a bayan firijin nan da gwiwoyinta masu ciwo, tana tsira wa kanta maganin da ya mutu, a kan ƙwayar gyaɗa ɗaya. Kuma lissafin nan ni ya kamata in yi shi tun ranar farko, rubutun yana nan a gindin kowane abu, juyawa kawai zan yi in karanta. Na miƙe na ce asibiti zan tafi yanzu in nuna mata, ta gani da idonta, don kada ta ƙara.

Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwayar, ya murza ɓawon, ya jefa a baki.

"Zauna, Ticha," ya ce. "Riƙe mini tsani."

Kwana biyu muka yi muna aiki, shi a sama ni a ƙasa. Ya cire tsohuwar wayar mahaifina gaba ɗaya, wani wurin tana marmashewa a hannu. Ya ja sabuwa mai kauri daga mita, ya raba ta uku, kowane layi da fiyus ɗinsa. Ɗaya na masu zafi, guga da hita, ya kuma tara tela da dattijo ya ce musu ko a haka gara ɗaya ya gama kafin ɗaya ya fara. Daga bakinsa sai suka karɓa, tunda shi ba maƙwabci ba ne. Na biyu na firiza da fankoki da fitilu. Na uku ya bi da shi ta saman bango shi kaɗai har kusurwar ɗakin Dada.

Da ya zo sa soket, na ce ya yanke fulogin ya haɗa wayar kai tsaye, yadda ba za ta iya cirewa ba ko ta so. Ya girgiza kai.

"Ba a ɗaure babba da waya. Ka ba shi dalili, zai bari da kansa."

A ranar na je wurin Maman 'yan biyu. Na shirya dogon jawabi tun daga zaure, da na isa gabanta duk ya zube. Na ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini." Ta ce, "Ya wuce, Malam. Da ni ne ma zan yi tunani haka." Sannan ta tambaye ni yaushe za a sallami Dada, don tana so ta share ɗakin.

Ranar da aka sallame ta na roƙi tsohon ya dawo. Ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatanci, sannan ya kama nuna mata sabuwar wayar da yatsa, tun daga kusurwa har ƙofa har zaure. Ya ce, "Dada, wannan hanya naki ne ke kaɗai. Ba ya taɓa na kowa. Ko kin cire, ba wanda zai samu ƙari." Ta sa aka kunna komai a gabanta, ta zauna tana saurare har rabin awa. Ba abin da ya yanke. Ta gyaɗa kai, ta sa masa albarka.

Bayan la'asar gidan ya lafa. Na shiga in duba gorunan, na tarar sun fara tauri. Dada ta rame, idanunta sun faɗa. Tana zaune a bakin gado tana kallon firijin yana 'yar rawar jikinsa.

"Malam."

"Na'am, Dada."

"Kai ka yi karatun abin nan. Gaya mini gaskiya. Da nake cirewa ɗin nan, yana taimakonsu, ko?"

Ni ne mutumin da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Amsar tana kan harshena, da gyaɗarta da komai. Na dubi gwiwoyinta, na dubi wurin da hannunta ya bar dauɗa a bango saboda yawan dafawa.

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Ba don ke ba da kunun nan ya sha lalacewa."

Ta sauke numfashi, ta lumshe ido. "To alhamdulillahi. A asibiti ina ta tunani, kada a ce wahalan banza na ba ka."

Na ce mata zan je in ga ko tela ya gama guga. Na fita na tsaya a zaure, a gaban fiyus ukun nan, na daɗe ban shiga shagon ba.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya, ba ta sake taɓa fulogin ba, ni ma ban taɓa gyara maganar ba. Firijin yana gidana yanzu, matata na ajiye tumatir a ciki. In aka kawo wuta na miƙe, can nake nufa, in leƙa bayansa in tabbatar yana jone, sannan in dawo in ƙarasa abincina.